Hayaniyar Lantarki a Injunan Sarbo da Yadda Ake Shawo Kanta a Ƙananan Wuraren Sana'a na Gombe

Sarbo wani nau'in moto ne na lantarki wanda ke juyawa yana kuma sanar da na'urar da ke sarrafa shi inda ya kai a kowane lokaci, ta yadda za a iya umartarsa ya juya gwargwadon kusurwa kaza ya tsaya cak, ko ya riƙe gudu ɗaya komai nauyin da aka ɗora masa. Wannan halin ne ya sa ya shiga injunan sassaƙa katako da kwamfuta ke tuƙawa, da injunan surfani, da kekunan ɗinki na zamani, da kuma ƙananan na'urorin da ɗalibai ke haɗawa domin aikin kammala karatu a makarantu irin su Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke cikin garin, da Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka buɗe a 2011. Duk wanda ya haɗa irin wannan inji da hannunsa yakan gamu da wata matsala mai ɗaure kai, wato injin ya riƙa aiki lafiya muddin moto na kashe, amma da zarar an kunna shi sai hannun na'ura ya kama rawa, ko allon sarrafawa ya farfaɗo daga farko ba tare da an taɓa shi ba, ko kwamfuta ta ce an zare mata waya alhali tana nan a jone, ko kuma inji ya tsaya a tsakiyar aiki yana zaton ya kai iyakarsa. Abin da ke haddasa yawancin wannan shi ake kira hayaniyar lantarki, wato wutar da ba a nufa ba wadda ke kutsawa cikin wayoyin sigina har na'ura ta ɗauke ta a matsayin umarni.

Wajibi ne tun farko a raba sarbo gida biyu, domin sunansu ɗaya amma ciwonsu daban. Akwai ƙarami na roba ko na ƙarfe wanda bai fi akwatin ashana girma ba, irin su SG90 da MG996R, mai wayoyi uku da ke aiki da bolt 5 zuwa 6, wanda ɗalibai ke jonawa da allon sarrafawa irin su Arduino ko Raspberry Pi. Akwai kuma babba na masana'antu, wanda ke zuwa da akwatinsa na musamman da ake kira direba, yana shan wutar gida mai bolt 230, yana kuma ɗauke da inkoda a bayansa, wato na'urar da ke ƙirga juyawarsa ta aika wa direba. Yawancin shawarwarin da ake yaɗawa sukan cakuɗa biyun, sai mai ƙaramin sarbo ya ɓata kuɗi wajen sayen matacin wuta da ba ya buƙata, mai babba kuma ya yi zaton kafasita ɗaya za ta fisshe shi.

Ƙaramin sarbo yana karɓar umarni ne ta hanyar bugun wuta da ke zuwa sau 50 a sakan guda, kuma faɗin bugun shi ke gaya masa inda zai tsaya: milisakan 1 gefe ɗaya, milisakan 2 ɗaya gefen, 1.5 kuma tsakiya. Tunda milisakan guda kacal ke ɗauke da dukan wannan tazara, canjin da bai wuce kashi 1 cikin 100 na milisakan ba ya isa ya motsa hannunsa kusan digiri guda. Sai dai a mafi yawan lokuta rawar da yake yi ba daga kutse a wayar sigina take tasowa ba, daga yunwar wuta take. MG996R yakan ja wajen amfiya 2.5 idan aka tokare shi, yakan kuma yi irin wannan fizga na ɗan lokaci duk sa'ad da zai tashi, alhali kafar USB da ke ciyar da Arduino Uno rabin amfiya aka ƙayyade mata. Idan aka ɗauki wutar sarbo daga jikin allon, matsin wuta yakan faɗi a daidai lokacin fizgar, ƙwaƙwalwar allon ta ɗauke ta dawo daga farko. Ko da an kawo wuta ta daban, idan sarbo da allo suna komawa ta siririyar waya ɗaya, turjiyar da ba ta fi kashi 1 cikin 5 na om ba za ta haifar da bambancin rabin bolt a kan layin sifili, wato layin da kowane sigina ke auna kansa da shi, sai sigina ya gurɓata ba tare da wani abu ya taɓa wayarsa ba.

Maganin wannan ba shi da tsada. A ba sarbo wutarsa ta daban mai isasshen ƙarfi, a ja masa wayoyi masu kauri kai tsaye daga tushen wutar, a haɗa layin sifilinsa da na allo a wuri ɗaya tak, sannan a dasa kafasita mai maikurofarad 470 zuwa 1000 dab da inda aka jona shi, domin ta zama ma'ajiyar da zai ɗiba a lokacin fizga. A gefenta ana ƙara 'yar ƙaramar kafasita ta yumɓu mai nanofarad 100, wadda ake gane ta da lamba 104 a jikinta, saboda babbar ba ta iya tsotse kaɗawa mai tsananin sauri. Moton da ke cikin irin wannan sarbo yana da burushi, kuma tartsatsin da ke tashi tsakanin burushi da amecha wata kafar hayaniya ce, shi ya sa masu haɗa moto mai burushi da kansu ke liƙa 104 tsakanin bakunansa biyu, wani lokaci da ƙarin guda biyu daga kowane baki zuwa gangar ƙarfen. Akwai kuma rawar da ba ta da alaƙa da lantarki sam: Raspberry Pi, saboda yana gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda, ba ya iya fitar da bugu mai faɗi daidai idan manhaja ce ke ƙirga shi, kuma duk kafasitocin duniya ba za su gyara wannan ba sai an miƙa aikin ga wani ƙaramin allo irin PCA9685, mai ɗaukar sarbo 16.

Babban sarbo shi ne inda maganar take da zurfi. Direba yana karɓar wutar gida ya mayar da ita wuta mai tafiya ɗaya da ta kai kusan bolt 325, sannan ya riƙa datsa ta yana aika wa moto gunduwa-gunduwa, sau dubu 8 zuwa dubu 16 a sakan a yawancin ƙananan direbobi. Yawan datsawar ba shi ne abin tsoro ba, saurin kowace datsa ne, domin wutar takan tashi daga sifili zuwa bolt 325 cikin abin da bai wuce kashi 1 cikin miliyan 10 na sakan ba. Kowane ƙarafa biyu da ke kusa da juna, ko da akwai roba a tsakaninsu, suna zama kafasita, kuma kafasita takan bar wuta ta ratsa ta gwargwadon saurin canjin da aka yi mata. Wayar moto mai tsawon mita 5 takan sami riƙon caji na wajen fikofarad 500 tsakaninta da ƙarfen da ke kewaye da ita, kuma idan aka lissafa wannan da saurin tashin da aka ambata, za a ga cewa fiye da amfiya ɗaya da rabi ke tsallakawa zuwa gangar inji a kowace datsa, ban da abin da ke tsallakawa daga koyil ɗin moto zuwa jikinsa. Wannan ba lalacewa ba ce, haka kowane direba mai lafiya yake yi, haka kuma inbatar da ke tuƙa moton yanka take yi, wani lokaci ma fiye.

Abin da ya kamata mai haɗa inji ya riƙe shi ne cewa wannan wuta ba ɓacewa take yi ba, kuma ba cikin ƙasa take son shiga ba. Daga cikin direba ta fito, can kuma za ta koma, ta kowace hanya ta samu. Idan an tanadar mata gajeriyar hanya mai faɗi dab da wayar da ta fito, za ta bi ta koma ba wanda ya ji ɗuriyarta. Idan ba a tanada ba, za ta bi gangar inji, ta shiga wayar inkoda, ta ratsa layin sifili na allon sarrafawa, ta bi wayar USB zuwa kwamfuta, ta fita ta cajarta zuwa soket, kafin ta dawo gida. Mazauna Gombe, garin da zaizayar ƙasa ta daɗe tana ci, sun san yadda ruwan sama yake yi idan ba a gina masa magudana ba: yakan yanka wa kansa hanya ta tsakar gidajen mutane. Kusan duk dabarun da za su biyo baya, in aka duba su da kyau, ko dai suna gina wa wutar magudana ne, ko suna toshe ƙofofin da take bi ta shiga sigina.

Dabara mafi arha ita ce tazara. Hayaniya na tsallakawa daga waya zuwa waya ta hanyar riƙon cajin da aka bayyana, tana kuma tsallakawa ta hanyar maganaɗisu, wanda Michael Faraday ya nuna a 1831 cewa canjinsa yana haifar da wuta a duk wani zoben waya da ke kusa. Dukansu biyu suna raunana idan aka nisanta wayoyin, shi ya sa kamfanonin da ke ƙera direba ke neman a bar santimita 20 zuwa 30 tsakanin wayar moto da ta sigina, idan kuma dole su haɗu, su gitta juna kai tsaye maimakon su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa. A nan ne son tsabtar aiki kan cuci mutum, domin haɗa dukan wayoyi a ɗaure su dami ɗaya yana da kyan gani, amma babu tsarin da ya fi shi muni. Na biye da tazara shi ne murɗa kowace wayar sigina da wayar komawarta, dabarar da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista a 1881 domin layukan tarho: kowane murɗi yana ɗaukar kutsen da ke kishiyar na maƙwabcinsa, sai su kashe juna. Wayar intanet da masu saka kyamarar tsaro ke amfani da ita tana ɗauke da irin waɗannan tagwaye har huɗu, kuma ba ta wuyar samu a Gombe, sai dai a nemi mai silin jan ƙarfe da yawa idan za ta riƙa lanƙwasa da motsin inji, a kuma guji wadda aka yi da alminiyom aka shafe ta da jan ƙarfe, domin saurin karyewa gare ta.

Waya mai raga, wato wadda aka saƙa wa rigar ƙarfe a ƙarƙashin robarta, ita ce magudanar da ake magana, kuma a kanta ne aka fi samun saɓani. Wasu na cewa a haɗa ragar a gefe ɗaya kawai, wasu na cewa gefe biyu, kuma kowane ɓangare yana da gaskiya a muhallinsa. Ƙa'idar gefe ɗaya ta samo asali ne daga masu aikin sauti, waɗanda ke gudun gurnanin wutar gida mai kaɗawa sau 50 a sakan, kuma tana da amfani ga siginar awo mai tafiyar hawainiya, kamar ta ma'aunin zafi. Amma ragar wayar moto aikinta shi ne mayar da wutar nan ta amfiya ɗaya da rabi zuwa direba, kuma hanyar da aka yanke a gefe ɗaya ba ta kai kowa gida, don haka dole a haɗa ta da gangar moto a can, da farantin direba a nan. Yadda aka haɗa ta ma yana da muhimmanci kamar haɗawar. Al'adar da aka saba ita ce a warware ragar a murɗe ta kamar wutsiya a cusa a ƙarƙashin kusa, amma waya miƙaƙƙiya tana turje wa wuta mai saurin kaɗawa, kuma wutsiya mai santimita 5 takan yi turjiyar wajen om 3 ga kaɗawa ta megahats 10. Idan amfiya ɗaya da rabi ta bi ta nan, kusan bolt 5 ke bayyana a kan ragar, daidai da dukan ƙarfin siginar da ake son karewa. Abin da ya dace shi ne a fere robar waje kawai, a danne ragar da maɗaurin ƙarfe da ya zagaye ta gaba ɗaya a kan faranti marar fenti.

Wannan lissafin na turjiya shi ne kuma ke warware wata fahimta da ta yi kaka-gida a tsakanin masu wayarin, wato cewa duk injin da ke ruɗewa rashin sandar ƙasa ne ke damunsa. Waya mai mita 10 da ta tashi daga inji zuwa sandar da aka kafa a bayan shago kusan ba ta da wata turjiya ga wutar gida, amma ga kaɗawar megahats 10 turjiyarta ta haura om 600, ga shi kuma wutar ba can ta nufa ba tun asali. Saboda haka mutum na iya kafa sanda uku hayaniya ba ta ragu ba. Wannan ba ya nufin a yi watsi da wayar ƙasa, domin aikinta tsare rai ne, kuma a injin da ke da direba buƙatarta ta fi ta ko'ina tsanani. A cikin direba da matacin wuta akwai ƙananan kafasitoci da ke zubar da 'yar wuta zuwa gangar ƙarfe da gangan, kuma idan ramin soket na uku ba a haɗe yake da komai ba, kamar yadda ake samu a shaguna da dama da aka ja wa waya biyu kawai, gangar takan tsaya a wajen rabin wutar gida, kusan bolt 115. Shi ne ɗan shokin da ake ji idan an taɓa inji ba takalmi, kuma shi ne ke ƙona kafar kwamfuta a lokacin da ake cusa waya. A ƙasar Gombe, inda rani ke daɗewa har ƙasa ta bushe ƙayau, sandar da ta yi kyau a watan Agusta na iya zama ba ta da wani tasiri a watan Maris. Zuba gawayi da gishiri a ramin, kamar yadda aka saba, yana rage turjiya na wani lokaci, sai dai gishirin na cin sandar da maɗaurinta, don haka zurfafa ta zuwa inda ƙasa ke da danshi, da duba maɗaurin kowace shekara, sun fi dogaro.

Abin da ke rage hayaniya shi ne haɗa ƙarafan injin da junansu, ba haɗa su da turɓaya ba. A ɗora direbobi da tushen wuta da matacin wuta a kan faranti ɗaya na ƙarfe, a kankare fenti a duk inda za su zauna, a kawo wayar ƙasa ta kowane ɓangare zuwa kusa ɗaya maimakon a jera su wannan na bin wancan, sannan a haɗa gangar inji da akwatin da gajeriyar ɗamara mai faɗi, wadda ta fi zagayayyar waya sauƙin bi ga wuta mai sauri. Akwatin ƙarfe da maƙerin unguwa zai lanƙwasa ya fi na roba ko na katako nesa ba kusa ba, in dai an tuna cewa ƙofar da aka shafe da fenti ba ta haɗu da jikin akwatin ba sai an yi mata tata ɗamarar.

Daga nan sai a koma ga mai karɓar sigina. Makunnin iyaka, wanda ke gaya wa inji ya kai ƙarshen hanyarsa, shi ya fi yawan yin ƙarya, domin wayarsa doguwa ce kuma tana bin gefen moto. Manhajar GRBL da yawancin ƙananan injunan sassaƙa ke amfani da ita a kan Arduino tana dogara ne da rasistar cikin ƙwaƙwalwar allon, mai om dubu 20 zuwa dubu 50, kuma layin da aka riƙe da irin wannan sako-sakon riƙo ɗan kutse kaɗan ya isa ya ja shi ƙasa. Ƙara rasista ta waje mai om dubu 1 zuwa dubu 5, da kafasita 104 zuwa layin sifili, yakan kashe yawancin ƙaryar, kuma jinkirin da ke biyo baya, wanda bai kai milisakan guda ba, ba ya cutar da makunni. Ya fi kyau a jona makunnin ta yadda zai kasance a rufe kullum ya buɗe idan an taɓa shi, domin layin na zama daram a haɗe, idan kuma waya ta tsinke inji zai tsaya maimakon ya ci gaba a makance. Masana'antu sun bi wata hanya da ta fi wannan ƙarfi, wato tafiyar da makunnai da bolt 24, inda sai sigina ya haura wajen bolt 15 yana kuma ɗauke da 'yan miliamfiya kafin a yarda da shi, sannan a shigar da shi allo ta oftokofla, na'urar da ke miƙa sigina ta hanyar haske ba tare da waya ta haɗa ɓangarorin biyu ba. PC817 ta wadatar ga makunni, amma amfaninta na rushewa idan aka sake haɗa layin sifilin ɓangarorin biyu, kuskuren da ake yawan gani har a allunan da aka sayo a haɗe.

Siginar taku, wato bugun da allo ke aika wa direba don moto ya motsa, da ta inkoda ba sa jure irin wannan tacewa, domin suna iya bugawa sau dubu 100 ko fiye a sakan, kuma kafasitar da ta gyara makunni za ta shafe su ɗungurungum. Inkoda mai layi 2500 tana ba da ƙirga dubu 10 a juyi guda, kuma idan sandar da moto ke turawa na tafiya milimita 5 a juyi, ƙirga ɗaya na ƙarya ba ya ganuwa, amma dubu ɗaya sun kai rabin milimita, kuma ba sa gogewa, taruwa suke yi har zanen ƙofa ya tashi a karkace. Kariyarsu ita ce aika kowane sigina ta tagwayen waya, ɗaya na ɗauke da shi ɗaya na ɗauke da kishiyarsa, mai karɓa kuma ya duba bambancin da ke tsakaninsu kawai, ta yadda kutsen da ya faɗa wa biyun daidai ba ya shiga lissafi. Wannan tsari shi ake kira RS-422, kuma yawancin direbobi sun zo da shi, shi ya sa ake ganin baki mai alamar tarawa da mai alamar ragewa ga kowane sigina. Allon da ke fitar da waya ɗaya ana iya ƙara masa AM26LS31 ya mayar da ita tagwaye. Yanke wayar inkoda da kamfani ya haɗa domin a ƙara mata tsawo da wata waya daban na daga cikin abubuwan da ba su cika ƙarewa lafiya ba.

Zoben ferait, wanda Yogoro Kato da Takeshi Takei suka samar da sinadarinsa a Tokyo a 1930, shi ne ƙullin da ake gani a jikin tsofaffin wayoyin firinta da na allon kwamfuta, kuma masu gyaran kwamfuta na zubar da shi kullum. Yana barin wutar aiki ta wuce yana turje wa mai saurin kaɗawa, kuma turjiyar na ƙaruwa da ninkin zagaye a kansa, wato zagaye uku na ba da kusan ninki tara. Ana zura wayoyin moto uku tare a cikinsa dab da direba, ban da wayar ƙasa da raga, domin toshe su toshe magudana ne. Matacin wuta kuma wurinsa bakin shigar wuta akwati, a kwance a kan faranti, wayar shigarsa nesa da ta fitarsa. Dukansu biyu taimako suke yi, ba sa gyara wayarin da aka yi ba daidai ba. Game da kwamfuta kuwa, USB ba a yi ta domin wurin aikin inji ba, kuma gwaji mai sauƙi shi ne a zare caja a bar ta a kan batir: idan yankewar ta daina, an gano hanyar da wutar ke bi. Gajeriyar waya mai ferait, ko na'urar USB mai raba wutar kwamfuta da ta inji, ko komawa ga allon da ke magana ta wayar intanet, wadda ke da 'yar taransifoma mai raba ɓangarori a kowane baki, su ne mafita.

Akwai abubuwa biyu a Gombe da ke kwaikwayon hayaniyar sarbo alhali ba ita ba ce. Na farko shi ne wutar da ke shigowa, ko ta layin kamfanin rarraba wuta na Jos da ke kula da jihar, ko ta ƙaramin janareta, ko ta inbatar sola. Maƙwabci mai walda a kan layi ɗaya na iya jan wuta ta faɗi a kowane ɗigo, ƙaramin janareta na tangaɗi idan moto ya fizga, inbata mai araha kuma tana fitar da wuta mai kusurwa maimakon mai lanƙwasa, wadda ita kanta hayaniya ce. Alamar wannan ita ce direba na nuna lambar ƙarancin wuta, ko matsalar ta zo ko da moto na tsaye. Na biyu shi ne cajin da ke taruwa a lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har taɓa ƙofar mota na ba da shoki. Garin katako da ke gudu a cikin bututun roba na injin zuƙe ƙura yana tara caji mai yawa, wanda kan fashe a jikin inji lokaci-lokaci ya farfaɗo da allo. Injin da ya yi damina lafiya ya fara ruɗewa a watan Disamba, bututunsa ya kamata a fara duba, kuma zura tsirarar wayar jan ƙarfe a tsawonsa a haɗa da ganga yakan wadatar.

Gano tushen matsala ba ya buƙatar osiloskof, na'urar da ke zana siffar wuta a fuska, ko da yake samunta a ɗakin gwaji na makaranta na gajarta aiki. Maltimita ba ta da amfani a nan domin ba ta ganin abin da ya zo ya wuce cikin ƙiftawar da ta gaza milisakan. Ƙaramar rediyo mai batir, irin wadda ake sauraron tashoshin gajeren zango da ita, ta fi ta: a karkata ta zuwa matsakaicin zango inda babu tasha, a bi da ita jikin wayoyi, ƙarar za ta tsananta a daidai inda hayaniya ke fita, kuma za a ji raguwarta nan take idan an danne raga da kyau ko an saka ferait. Tsarin gwajin shi ne a kunna allo shi kaɗai, sannan direba ba tare da an sakar wa moto wuta ba, sannan a sakar masa wuta yana tsaye, sannan yana tafiya, a lura da matakin da ciwon ya bayyana, a kuma canza abu ɗaya tak kafin kowane sabon gwaji. Idan ya bayyana tun moto na tsaye, datsawar direba ce, domin tana farawa ne da zarar an sakar wa moto wuta ko bai motsa ba; idan sai lokacin tashi da birki, a duba ƙarfin tushen wuta da kaurin wayoyi; idan kuma a wuri ɗaya na tebur yake zuwa kullum, waya ce ta karye a cikin robarta a inda take lanƙwasa. Manhajoji irin su LinuxCNC da Mach3 suna da wurin da ake umartarsu su yi watsi da siginar makunni da bai daɗe ba, kuma 'yan milisakan kaɗan a nan ba laifi ba ne, amma sai bayan an gama da wayoyi, domin wutar da ke yaudarar makunni tana bin wayar inkoda ma, inda wannan saitin ba ya kaiwa.